Wai da gaske tsofaffin wasannin nishaɗi za su iya farfaɗo da Blackpool?

Ummi_Preston:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah ina neman waɗanda suka san garin Blackpool sosai, musamman iyayenmu da yayyenmu da suka daɗe a arewa maso yammacin Ingila. Ina digiri na biyu ne a fannin yawon buɗe ido, kuma aikin da aka ba mu wannan zangon a kan garin ne. Abinda aka ce mu duba shine yadda hukumar garin ta jingina da abubuwan da aka san Blackpool da su tun zamanin da, wato 'yan barkwanci, masu rufa-ido, rawa, 'yan tsalle-tsalle da fitilun nan nasu na bakin teku, wai da su za a dawo da baƙi. Har gidan tarihi suka buɗe a watan Maris na 2024 mai suna Showtown, an kashe masa kusan fam miliyan 13, kuma ba komai a ciki sai kayan wasa da na ban dariya.

Ni dai gsky abin bai kwanta min ba. Yaron yanzu da ya tashi da TikTok a hannu me zai kai shi kallon rigar wani ɗan barkwanci da ya mutu tun kafin a haifi babansa? Ga kuma jirgin sama ya yi araha, da kuɗin da za ka kashe a otal a bakin tekun Ingila cikin sanyi da iska za ka iya zuwa Sifaniya ka sha rana ka dawo. To shin dabarar nan tana aiki kuwa, ko kuɗin jama'a kawai ake narkarwa saboda tsofaffi su tuna da ƙuruciya? Abinda ke cikin littafi na karanta, yanzu na waɗanda suka gani da ido nake so. Ngd.

Baban Sadiq:

Wa alaikumus salam 'yata Ummi, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ni tasi nake ja a Bolton, kuma na daɗe ina kai mutane garin nan ina ɗauko su, dan haka bari in faɗa miki ɗan abinda na sani, inda na kauce wasu su gyara.

Kafin ki yanke hukunci sai kin gane cewa Blackpool ba irin Bolton ko Oldham bane da suke da masaƙu sannan daga baya aka ƙara musu wajen wasa. Shi wasan shine sana'ar garin tun farko. Ɗan ƙauye ne a bakin teku har sai da jirgin ƙasa ya iso a 1846, daga nan komai ya canja. A lokacin masaƙun auduga na Lancashire kowace shekara sukan rufe na sati guda a duba injina, kuma ba lokaci ɗaya suke rufewa ba, wannan satin na Bolton ne, na gaba na Oldham, na gaba na Blackburn, haka za a yi ta yi har bazara ta ƙare. To in satin garinku ya zo, garin kacokan ne zai kwashe ya hau jirgi ya tafi Blackpool, maƙwabcinka na gida shine maƙwabcinka a masauki. Hutun ma ba a biyan su kuɗinsa a da, sai a 1938 aka yi dokar hutu da albashi, dan haka duk sati mutum yake zuba ɗan abinda ya samu a ƙungiyar masaƙa ko ta unguwa kamar dai adashe, ranar tafiya a kwasa. Mutumin da ya shekara yana shaƙar ƙurar auduga ya tara kuɗinsa na sati ɗaya, ai kin san ba lacca ya zo ji ba, dariya yake so da kiɗa da rawa.

Shi ya sa in kin duba shekarun gine-ginen za ki ga duk a jere suke. Gadojin nan uku da suka shiga cikin teku, ta arewa 1863, ta tsakiya 1868, ta kudu 1893. Winter Gardens, katon ginin da ke da zaurukan wasa da rawa, 1878. Jirgin lantarki na kan titi 1885, yana cikin na farko-farko a duniya kuma har yau yana aiki. Hasumiyar kuma 1894, mita 158, sun kwaikwayo ta Eiffel ce bayan magajin garin na lokacin John Bickerstaffe ya je Faris ya gani. A ƙarƙashin ƙafafunta huɗu aka yi dandalin Tower Circus, wanda ƙasansa ke nutsewa ruwa ya cika wajen a ƙarshen wasa, kuma har gobe ana yin wannan, na kai yara sun gani bakinsu a buɗe. A nan Charlie Cairoli ya yi kusan shekara 40 yana ba mutane dariya tun daga 1939. Pleasure Beach kuma, wato babban filin lilo da wasanni, 1896. Fitilun ma da kike magana sun fara ne a 1879 da manyan fitilun lantarki guda 8 kacal, a lokacin da gidajen mutane kyandir da fitilar gas ake kunnawa.

Abinda ya karya garin kuwa ba abu ɗaya bane. Masaƙun sun mutu, satin hutun gari ya mutu tare da su. Daga shekarun 1960 zuwa 1970 kamfanoni suka fara haɗa wa mutane tikitin jirgi da otal a dunƙule zuwa Sifaniya da araha. Talabijin ta shiga kowane gida, ɗan barkwancin da sai ka je Blackpool za ka gan shi yanzu ga shi a falonka. An rufe babbar tashar jirgin ƙasa ta tsakiyar gari a 1964. Sannan a 1975 aka buɗe babbar hanyar M55, wadda mu direbobi muke jin daɗinta amma masu masauki ba su ji ba, dan mutum zai zo da safe a motarsa ya koma gida da daddare bai kwana ba.

Kuma kar ki ɗauka tun farko tarihin suka runguma, a'a. Sun fara ne da neman su zama Las Vegas ɗin Ingila, duk burinsu ya tafi kan wani katafaren gidan caca da gwamnati ta ce za ta ba gari ɗaya lasisi. A Janairun 2007 aka ba Manchesta aka bar su riƙe da baki, ita ma Manchestan daga baya gwamnatin Gordon Brown ta soke abin gaba ɗaya a 2008. Ni kam na ce Allah ne ya taimake su, garin da talauci ya riga ya yi wa katutu a ƙara masa caca? Bayan nan ne suka waiwayo kan abinda ke hannunsu. A 2010 kansul ta sayi hasumiyar da Winter Gardens kan kusan fam miliyan 40 dan masu su sun bar su suna lalacewa, a 2011 aka shimfiɗa Comedy Carpet a gaban hasumiya, wani fili mai faɗin murabba'in mita 2,200 da aka rubuce da zantukan 'yan barkwanci sama da 1,000, kyauta kowa ke takawa yana karantawa, a 2012 aka sabunta jiragen kan titi. Showtown ɗin da kika ambata shine na baya-bayan nan. To ko yana aiki? Ni dai a matsayina na mai ɗaukar fasinja, aiki ya fi na shekarun baya, musamman daga Satumba zuwa ƙarshen shekara.

Maman Nana:

Baban Sadiq ka yi bayani wlh, Allah ya ƙara basira, amma ka yi haƙuri Yaya kai bakin tekun kake sauke fasinja ka juya. Ni aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya nake yi, gida-gida muke shiga a cikin garin, abinda nake gani daban ne.

Ummi ƙanwata, ki je ki tsaya a gaban hasumiyar nan ki juya wa teku baya ki yi tafiyar minti biyar zuwa goma, ki shiga layukan da ke baya wajen Central Drive, sannan ki dawo ki ba mu labari. Gidajen nan dogaye masu hawa uku da huɗu duk masaukin baƙi ne a da, mata ne ke riƙe da su suna dafa wa iyalai abinci sati guda. Da baƙi suka daina kwana sai aka sayar da su da araha, waɗanda suka saya suka yayyanka su ɗaki-ɗaki suna zuba 'yan haya, kuma yawancin 'yan hayar gwamnati ce ke biya musu kuɗin gida, dan haka mai gidan ko bai gyara ba kuɗinsa na shiga. Sai ya zamana mutanen da rayuwa ta juya wa baya a wasu garuruwa, mai shaye-shaye, mai taɓin hankali, wanda ya fito daga gidan yari, wanda aurensa ya mutu ba shi da wajen zuwa, duk suna gangarowa Blackpool saboda ɗaki ba tsada kuma wataƙila yana tuna an taɓa kawo shi yana yaro ya ji daɗi. Allah sarki, wasu in suna ba ki labarin zuwansu na farko da iyayensu sai kin ji hawaye.

Ba ni na ƙirƙira ba, a ƙididdigar talauci ta gwamnati ta 2019, cikin unguwanni 10 da suka fi ko'ina talauci a Ingila guda 8 a Blackpool suke. Takwas fa! Kuma namiji a garin nan tsawon ransa a ƙiyasi wajen shekara 73 ne kawai, yana ƙasan jerin ƙasar baki ɗaya. Wannan duk bayan an sayi hasumiya an shimfiɗa kafet ɗin dariyar. Kansul tana cewa baƙi sun haura miliyan 20 a 2022, a garin da mazaunansa ba su wuce dubu 141 ba, to in da yawan baƙi ne ke maganin talauci ai da Blackpool ta fi kowa kuɗi.

Matsalar ita ce irin aikin da yawon buɗe idon ke kawowa. Sayar da askirim, gyaran gadon otal, karɓar tikiti, wanke-wanke a gidan abinci, mafi ƙarancin albashi ne kuma na 'yan watanni, hunturu na shigowa a ce ka je sai Ista. Ina da abokan aiki da yawa da suka baro otal suka dawo aikinmu ba dan sun fi son sa ba sai dan shi ba ya tsayawa a Janairu. Sannan da yawa daga miliyan 20 ɗin nan 'yan wuni ne, su zo da abincinsu a but ɗin mota, su zaga su ga fitilu su tafi. Ga kuma 'yan bikin bankwana da gwauranci da ke cika gari ranar Juma'a da Asabar da daddare suna shaye-shaye suna ihu, waɗannan su ne suka kori iyalai da yawa tun farko.

Ban ce gidan tarihin ba shi da kyau ba fa, yana da kyau, na shiga da Nana ta ƙi fitowa. Amma a ce shi zai farfaɗo da gari, a'a kam.

Abu Zazzau:

Hhh Maman Nana yau kin zo da zafi. Ni abu biyu kawai zan ce. Na farko Baban Sadiq ya ambaci masaƙun Lancashire, to ku sani akwai hannun kakanninmu a ciki ko da kaɗan ne. Masu masaƙun nan ne suka kafa BCGA, ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya, a Manchesta a 1902 dan neman audugar da ba ta Amurka ba, kuma su ne suka zo suka kafa injinan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa, duk ɗan yankinmu ya san sunan. Fatan samun audugar Arewa na cikin dalilan da aka ja layin dogo zuwa Kano, duk da dai daga ƙarshe gyaɗa ce ta fi cika taragun. Kenan wani manomi a ƙasar Zazzau ya taɓa noma abinda ya zama albashin da aka je aka kashe a Blackpool ana rawa. Ummi ki sa wannan a aikinki malamin zai san daga inda kika fito.

Na biyu, ba wanda ya yi maganar jakuna! Har yau akwai jakunan da ke ɗaukar yara a bakin tekun, kuma dokar kansul ta ba su hutun cin abincin rana da hutun ranar Juma'a, ana duba lafiyarsu duk shekara, kuma babba ba ya hawa sai yara. Jakin da ke da ranar hutu jama'a. Ni da nake aikin dare a sito ban da tabbacin Juma'a.

Injiniya_Kent:

Salam. Malama Ummi, ina ganin in kin tsaya kan Blackpool kaɗai ba za ki ga amsar sosai ba, ki haɗa da Margate da ke nan kudu kusa da mu, dan su ma irin wannan dabarar ta jingina da tarihi suka gwada kuma tasu ta fi fito da abin fili.

Margate na da wajen wasa mai suna Dreamland, da wannan sunan yake tun 1920, kuma a cikinsa akwai wani lilon katako mai gudu a kan dogo, Scenic Railway, shi ma na 1920, wanda ya fi kowanne tsufa a Birtaniya. A 2002 gwamnati ta sa shi cikin gine-ginen tarihi da ba a yarda a rushe ba. Masu wajen suna so su rufe a yi gidaje, mutanen gari suka tashi da kamfe, a 2008 gobara ta cinye wani sashe na lilon, aka yi ta shari'a har kansul ɗin Thanet, wadda Margate ke ƙarƙashinta, ta karɓe filin da ƙarfin doka a 2013. A watan Yunin 2015 aka sake buɗewa da babban biki, da tsofaffin lilo da aka tattaro aka gyara, komai an yi masa fenti irin na zamanin da. Kin san me ya faru? Shekara ɗaya kacal, a 2016 kamfanin da ke gudanar da wajen ya kasa biyan bashi aka naɗa masu kula da shi. Mutane sun zo sun ɗau hoto sau ɗaya, sun ce kai abin sha'awa, ba su dawo ba. Sai da aka sake zuba kuɗi a 2017 aka mayar da hankali kan kawo mawaƙa suna wasa kai tsaye sannan wajen ya fara numfashi, yau mutane da yawa sun fi sanin Dreamland a matsayin wajen casu fiye da wajen lilo. Kuma ko a haka ba shi kaɗai ya ɗaga Margate ba, akwai gidan zane-zanen Turner Contemporary da aka buɗe a 2011, ga jirgin ƙasa mai sauri daga Landan da ya sa masu ɗan hali suka fara sayen gidaje a garin, wanda shi kuma ya jawo haya ta tashi talakan garin na kuka.

Ko nan kusa da ku akwai Morecambe. Sun kafa mutum-mutumin ɗan barkwancinsu Eric Morecambe a 1999, Sarauniya Elizabeth da kanta ta buɗe, har yau ana layin ɗaukar hoto da shi, sun gyara otal ɗin Midland na 1933 aka sake buɗewa a 2008, amma hoto minti biyu ne, ba ya sa mutum ya kwana. Shi ya sa yanzu fatansu ya koma kan Eden Project, wani wajen yawon buɗe ido na tsirrai da muhalli da gwamnati ta ware wa fam miliyan 50 a 2023, wanda sabon abu ne fil ba tarihi ba.

To abinda nake so ki lura da shi, Blackpool ta fi su sa'a ne saboda nata tarihin bai mutu ba balle a ce tono shi ake. Gasar rawa ta Blackpool Dance Festival tun 1920 ake yin ta a Winter Gardens, kuma duk mai rawar turawa ta bibbiyu a duniya burinsa ya taka wannan dandalin, 'yan Chana da Japan cika garin suke a watan Mayu, kuma su kwana suke na kwanaki ba wuni ba. A Fabrairu, tsakiyar sanyi lokacin da otal ke zaune ba kowa, masu rufa-ido dubbai ke zuwa taronsu na shekara daga ƙasashe daban-daban. Shirin rawa na BBC, Strictly Come Dancing, kusan duk Nuwamba yana zuwa zauren rawa na hasumiya, miliyoyin mutane na kallo, wannan tallan ko nawa kansul za ta biya ba za ta samu ba. Fitilun ma asalin dabararsu kenan, a ja kakar baƙi ta wuce bazara, da kwana 66 ake yi, daga 2020 suka tsawaita har farkon Janairu. Dan haka in za ki auna, kar ki ƙirga kawunan da suka shigo gari, ki nemi adadin daren da aka kwana da kuma watannin da otal ke buɗe. A nan ne za ki gane ko Maman Nana ce da gaskiya ko Baban Sadiq, ni a ganina kowannensu ya riƙe gefe guda ne.

Ummi_Preston:

Kai masha Allah, na gode ƙwarai, wlh na fi samun abin rubutawa a nan fiye da laburare. Injiniya maganar ƙirga dare ta shige ni sosai. Amma Baba har yanzu da sauran tambayata ta farko, in dai rawar da rufa-idon da fitilun suna nan da ransu suna kawo mutane, to menene amfanin kashe fam miliyan 13 a gidan tarihi? Ba gara a zuba kuɗin a gidajen da Anti Maman Nana ke magana ba?

Baban Sadiq:

'Yata tambayarki a kan hanya take. Amma ki sani kuɗin nan ba daga aljihu ɗaya suka fito ba, kaso mai yawa daga asusun cacar ƙasa na adana kayan tarihi ne da wasu tallafin gwamnatin tsakiya, irin kuɗin da in ba ka yi abin tarihi da su ba ba za a ba ka ka gyara bandakin gidan haya ba, wani garin za a kai. Kuma sun ma rage buri, da farko a cikin Winter Gardens aka so yi da kuɗin da ya ninka wannan, a 2017 suka ajiye shirin dan kuɗin ba su kai ba, suka dawo da ƙarami a wani gini bayan hasumiya.

Sannan ki tuna garin nan ruwan sama ne da iska rabin shekara. Uba ya zo da yara huɗu ruwa ya tsuge, ina zai kai su? Da sai gidajen na'urorin caca na 'yan kwabbai, ko su shiga mota su tafi gida. Yanzu akwai inda za a fake awa biyu ko uku, kuma awa ukun nan su ne ke sa a ci abincin dare a garin, wani lokacin har a kwana. Ba kuma irin gidan tarihin nan bane na kar ka taɓa, sassa shida ne, bakin teku, rufa-ido, 'yan tsalle-tsalle, fitilu, wasan dandali da rawa, yara na dannawa suna gwadawa, har gidan tarihin V&A na Landan ya ba su aron kaya. Yaron bai san Cairoli ba, gaskiyarki, amma kakarsa ta sani, ita za ta tsaya gaban rigar tana ba shi labari shi kuma yana can yana wasa da madubi, kuma ita ce mai biyan tikitin.

Maganar Maman Nana kuwa ban musa ba ko kaɗan, ina ganin layukan in na kai fasinja. Su kansu hukumar sun san wasa kaɗai ba zai yi ba, shi ya sa suka gina sabon zauren taro a jikin Winter Gardens a 2022 dan dawo da manyan tarukan da suka gudu, suka ja layin jirgin kan titi har tashar Blackpool North a 2024, ga kuma katon ofishin ma'aikatar ayyuka da fansho da aka gina kusa da tashar na ma'aikata kusan 3,000. Ma'aikacin ofis yana sayen abincin rana a Janairu ma.

Maman Nana:

To Yaya a nan mun haɗu, ofishin nan ni ma na fi sa rai da shi fiye da komai, in dai 'yan garin za a ɗauka ba waɗanda za su zo a jirgi da safe su koma da yamma ba. Nan ma dai sai mun gani.

Ummi shawarata kar ki rubuta aikin nan daga ɗakinki, daga Preston ai jirgi bai fi rabin awa ba. Ki je sau ɗaya ranar Asabar a Oktoba lokacin fitilu ki ga cunkoso, motoci a jere kusan kilomita 10 suna tafiya kamar ba sa so, sannan ki koma wata Talata a ƙarshen Janairu bayan an kashe fitilun ki ƙirga shagunan da ke buɗe. Ki yi hira da masu ƙananan masauki, yawancinsu suna son magana in kin gaishe su da kyau, su za su faɗa miki watan da suke cin riba da watan da suke cin bashi. In kina son ganin namu kuma ki je kwana ɗaya ko biyu bayan sallah, iyalan musulmi daga Blackburn da Bradford cika Pleasure Beach suke, wannan ma wani abu ne da zai yi kyau a aikinki dan kakanninsu ba sa cikin hotunan da ke gidan tarihin amma yau suna cikin masu riƙe kasuwar. Akwai masallaci a garin ba nisa da tsakiya, abincin halal ma ba wahala. Ki sa rigar sanyi mai kauri ko da kin ga rana, iskar tekun nan ba ta da mutunci. In kin shirya ki min magana ta inbos, in ba ni da aiki ranar sai in zaga da ke layukan bayan da kaina, bana so ki shiga ke kaɗai da yamma.